Musayar Kyauta a Makarantar Kuɗi

A makarantun kuɗi na Kaduna, ƙarshen zangon Disamba yakan zo da takarda: kowane yaro ya kawo kyauta a naɗe, za a yi musaya. Malama ta ce kada ta wuce naira 2,000. Wa ya ji? Wata Hajiya ta aiko da mota mai rimot, ɗanta ya koma gida da sabulu da fensir biyu, yana kuka kamar an yi masa rasuwa. Wanda motar ta faɗo wa kuwa, tun a cikin Keke Napep uwarsa take lissafin kuɗin batir. Yara dai kafin magariba sun manta. Iyaye ne suka kwana a guruf ɗin WhatsApp, ana binciken gidan da sabulun ya fito.