Yadda Ake Farautar Faifan Garmaho a Ƙasar Makarfi Ba Tare da Hawan Jini Ba

Ba zan tsaya gaya maka mene ne faifan garmaho ba. Tunda ka karanto har nan, cutar ta riga ta kama ka, iyalinka kuma sun fara yi maka kallon tausayi.

Na ɗaya: bugun farko kake nema, wanda EMI ko Decca suka fitar tun Shata da Ɗanmaraya Jos suna ganiyarsu. A Ingila, masu bin faifan Unknown Pleasures na ƙungiyar Joy Division, wanda kamfanin Factory ya buga a Mancesta a 1979, shafa kwalin suke yi su ji kaushinsa, su karkata faifan a haske su karanta lambobin da aka ƙarce kusa da tambarin tsakiya. Kai ma yi hakan, in ka tarar da kwali. A Gazara gara ta riga ka dubawa, ta kuma gamsu da ingancinsa.

Na biyu: kada ka nuna kana so. Ka zo gaisuwa ne kawai. Ka tambayi gona, ka tambayi kuɗin rake a kasuwar Makarfi, ka sha furar da aka kawo, sai can wajen la'asar ka ce, "Baba, wancan baƙin abin da aka rufe tulu da shi fa?" Zai ce, "Ɗauki mana, ɗan nan, tarkacen marigayi ne." A daidai nan wani ɗan autansa zai ɓullo daga zaure, waya a hannu, ya ce ai Turawa da dala suke saye.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan yaro, don akwai irinsa a kowane gida daga Ikara har Hunkuyi. Shi ne wanda bara ya hana a sayar da keken ɗinkin kakarsa wai akwai jan sinadarin miliyoyi a ciki. Shi ya farke tsohuwar rediyon gidan, bai sami komai ba sai kyankyasai. Bai taɓa jin faifan ba. Bai san Shata ya rasu tun 1999 ba, yana ma tambaya ko yana Facebook. Amma ya san farashi! Faifan da yayyensa suka yi shekaru suna garawa a tsakar gida, mai tsaga daga baki har cibiya, yau ya kai kuɗin babur. Ka ce ya karce, ya ce alamar tsufa ce, tsufan kuma shi ake saye. Baba kuwa ya koma jan carbi, ya ce ku daidaita, shi ba ruwansa da harkar yara. Wallahi da gaske nake, abin nan yana ci mini rai: gidan da ya bar kayan tarihi a ƙarƙashin kaji shekara arba'in, sai ranar da wani ya zo ceto ake tuna gado ne.

Na huɗu, ko na nawa ne ma: duba abin da ke cikin kwalin kafin ka biya. Hoton Shata a waje ba ya hana waƙar Indiya a ciki.

Sai ɗauko shi zuwa gida. Mai juyi 78 a minti, na zamanin garmahon wani, ba roba ba ne, tsinke ɗaya ya ishe shi ya dare. Mai juyi 33 da mai 45, waɗanda suka fito a 1948 da 1949, ba su cika fashewa ba, lanƙwashewa suke yi in rana ta dake su. Rungume shi a ƙirji har Zariya. In yaron mota ya ce, "Kawo kayanka, Alhaji, a sa a baya," ka ce masa takardun asibiti ne. Nawa ya yi tafiyar tsakanin damin rake da kwandon tumatirin Ikara, ya sauka kamar kaskon tuya.

Game da wankewa: ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi. Ban da toka, ban da kananzir, ko wa ya ba ka shawara. Ƙurar hunturu kuwa, ka bar ta da Allah.

Allura. Mai gyaran rediyo a Sabon Garin Zariya zai ce ka dawo mako mai zuwa. Na Kano zai ce ka gwada Zariya. Wani zai miƙo maka ta keken ɗinki, ya rantse duk ɗaya ne.

Akwai shawara kan wutar lantarki, amma an ɗauke ina cikin rubuta ta.

Ranar da komai ya haɗu, faifai ya juya, kalangu ya tashi cikin ƙarar soye-soye, kana zaune ƙwalla ta cika maka ido, ɗan ƙanwarka zai leƙo ya saurara kaɗan ya ce, "Kawu, ai wannan duk akwai ta wajen masu tura waƙa a bakin tasha, kuma tasu ba ta wannan tsalle-tsallen." Shawarata a nan ita ce ka ajiye faifan a hankali tukuna, sannan ka nemi takalmi.