Yadda Za Ka Zama Ma'aikacin Laburare Na Zamani Ba Tare Da Mai Karatu Ya Dame Ka Ba

A duk aikin gwamnati babu wanda ya kai na ɗakin karatu kwanciyar hankali, kuma wannan ni'imar ce ake shirin ƙwacewa. Malamin aji yana fama da hayaniyar yara, ma'aikacin asibiti ba ya runtsawa, amma mai kula da laburare, ko na sakandare ne a Yako ko na gari a wani lungu tsakanin Bebeji da Doguwa, yana iya buɗe ƙofa da hantsi, ya kaɗe kujera, ya kunna rediyo, har la'asar ba wanda zai yi masa sallama sai yarinya mai tallan gyaɗa. Yanzu kuwa an taso shi a gaba, wai sai ya koyi intanet, ya buɗe shafi, ya riƙa hulɗa da jama'a a kafafen sada zumunta. Shawarar da zan ba 'yan'uwa ita ce kada kowa ya yi gardama, don gardama takardar tuhuma take jawowa. Abin da ake so shi ne ka karɓi zamani hannu bibbiyu, ka rungume shi a gaban manya, amma ta hanyar da ba zai taɓa haɗa ka da mai karatu ko ɗaya ba. Wannan kuwa fanni ne mai ƙa'idojinsa.

Komai daga bita yake farawa. In takarda ta zo cewa ana neman ka a Kano, ko a babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad ne ko a zauren wani otal, kada ka yi sanya, ka yi sammako ka tari mota a Kwanar Ɗangora. Da ka shiga zaure ka nemi kujerar baya wadda ke kusa da soket, domin cajin waya kyauta yana cikin ribar tafiyar. Mai gabatarwa zai haska bango da hotuna, zai ambaci manhajar Koha da aka ƙirƙiro a ƙasar Niyu Zilan wajen shekarar 2000 don rajistar littattafai da masu aro, zai kuma ce kyauta ce. Kada wannan ya tayar maka da hankali: abin da yake kyauta ba ya bukatar kwangila, abin da ba ya bukatar kwangila kuwa da wuya wani babba ya matsa a kansa. In an ce akwai mai tambaya, ka sunkuyar da kai, domin mai tambaya shi ake tunawa ranar da ake neman wanda zai aiwatar. Ka sa hannu a takardar halarta safe da yamma, ka karɓi jaka da biro da kuɗin mota, sannan uwa uba kwalin shaida. Shi wannan a sa masa gilashi a rataye saitin ƙofa, yadda duk mai duba aiki zai fara cin karo da shi kafin idonsa ya kai kan kantoci.

Wata rana za a kawo kwamfutoci, ko daga gwamnati ko daga wani ɗan majalisa mai neman tazarce. Kada ka cire su daga leda, kana da hujja mai ƙarfi, wato ƙurar hunturu. A jera su a kan tebur, a lulluɓe da sabon yadi, a gayyato ciyaman ya yanke zare, a yi hoto, a kulle ɗakin. Batun shafin laburare kuwa, ga dabarar da ta fi kowace inganci: ka ɗora wa ɗan bautar ƙasa alhakin buɗewa, da layin wayarsa da adireshinsa na imel, kuma kada ka yarda ya rubuta maka kalmar sirri a ko'ina. Shekara ɗaya yake yi. Ranar da ya karɓi takardar sallama ya hau motar garinsu, shafin ya zama maraya, kai kuma hannunka fes. In tsautsayi ya sa tun da can an taɓa sayen layi na musamman don ofis, a bar shi ba a haɗa shi da lambar NIN ta kowa ba. Tun watan Disamban 2020 hukumomi ke gargaɗin cewa za a toshe irin waɗannan layuka, kuma sun cika alkawari. Daga nan duk wanda ya tambaye ka labarin shafi sai ka buɗe hannuwa ka ce ana kan gyara.

In kuwa shafin ya ƙi mutuwa, to sai a kula da abin da ake zubawa a ciki. Da farko, da Turanci za a rubuta, Turancin ma irin na takardar ofis. Gaskiya ne Hausa ta daɗe da shiga aikin yaɗa labari: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ma ya bi sahu a 2016. To ai duk wannan shaida ce cewa in ka yi wa mutane magana da harshensu sukan amsa, amsawar kuwa ita muke gudu. Abin da ya dace da shafin ɗakin karatu shi ne hoton oga yana karɓar baƙi, da barka da Juma'a, da taya murnar ƙarin girma. Lokacin buɗewa da rufewa sirrin ofis ne. Jerin littattafan da ke kan kanta ma haka, balle a ce a ɗauki hoton bangon wani a rubuta layi biyu kan abin da ya ƙunsa. Wanda ya yi tambaya a ƙarƙashin hoto, a bar shi sai bayan wata uku a danna masa alamar babban yatsa.

Babban haɗari, wanda ya kamata kowa ya yi ta'awizi a kansa, shi ne saƙon murya na WhatsApp. Nan mutanen Kiru da Tudun Wada suke, tun kafin a kira bita ta farko. Ba ya bukatar iya boko, ba ya cin data sosai, kuma yana isa cikin gida wurin matan da ba za su taɓa tako ƙofar laburare ba, alhali da yawansu sun fi mazan karatu, tunda littattafan hikaya da a da ake haya a shago yanzu babi-babi ake tura su a zaurukan waya. Ka ɗauka wani manomin masara daga Doguwa ya turo hoton ganye duk huji, da kashin tsutsa kamar dussa cike da kan tsiron, yana tambayar ko mene ne. Tsutsar nan mai cin masara a 2016 aka fara ganin ta a Nijeriya, kuma masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta yaɗa dabarun noma, duk a Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi bayanai a kanta. In ka kuskura ka nemo bayanin, ka karanta masa da Hausa a minti biyu, ka kashe kanka. Kafin magariba ya tura wa majalisarsu. Gobe mai shinkafa zai tambayi hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, jibi mai tumatir a ƙasan ruwan Tiga zai zo da tasa, gata kuma uwar wani yaro za ta ce tunda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, ko za a bar ɗanta ya taɓa linzamin waɗancan da ke ƙarƙashin yadi kafin ranar jarrabawa. Da wane bakin za ka hana? Ga shi ka riga ka nuna kana da amfani.

Wani abokin aiki zai ce duk wannan wahalar shiri ba ta da dalili, ai rashin wuta da rashin sabis sun ishe mu garkuwa. A da kam haka ne, kuma har yanzu uzurin yana da sauran ƙarfi, don wanda ya bi hanyar dajin Falgore ya san inda waya ke zama madubi kawai. Sai dai garkuwar ta fara yoyo. A bakin kowace kasuwa akwai saurayi da faifan sola ɗaya da batir, wayoyi a jere gabansa kowace da lambarta, ba ya jiran wutar kowa. Kusa da shi ga mai POS ƙarƙashin lema. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, dattawan da suka rantse ba za su taɓa yarda da kuɗin da ba a gani ba sun koyi tiransifa cikin 'yan makonni, saboda ciniki ya tilasta. Mai tura finafinai da waƙoƙi kuwa ya daɗe da warware matsalar sabis: sau ɗaya yake saukewa inda intanet ke da ƙarfi, ya dawo ya raba wa jama'a ta Xender ko katin waya ba tare da an ƙona data ba. Duk wanda ya lura zai gane cewa tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ƙasidun noma ma haka za su rabu, har akwai manhajar Kiwix da ke ɗauke Wikipedia a karanta ba intanet. Saboda haka in za ka kafa hujja da rashin wuta, ka tabbata mai duba aikin bai biyo ta kasuwa ba.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen, ya ce tsoron me ake ji, tunda kowa na da waya ai an gama da laburare, babu mai sake neman mu. Da ma haka ne da mun huta. Waya tana ba da amsa, har ta yi yawa, amma ba ta faɗin wacce ce ta gaskiya. A watan Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi 'ya'yansu daga barci suka yi, wasu suka kwana a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Daga lokacin zuwa yau abin ƙaruwa ya yi: tallafin bogi da ke neman lambar BVN, da ɗaukar aiki na ƙarya, da maganin da ke warkar da cuta arba'in, da tsohon hoton wata ƙasa da aka ce jiya aka ɗauka a Kano. Abin da ake koyarwa a sashen ilimin laburare na Jami'ar Bayero ko na Zariya kuwa, in an tace shi, bai wuce tambayoyi kaɗan ba: wa ya faɗa, yaushe, a ina aka buga, wa ya tabbatar. Mutanenmu ba baƙin wannan ba ne, duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an duba isnadinta. Ke nan ranar da jama'a suka gano akwai ma'aikaci a garinsu da ake biya albashi don ya iya bin sawun magana har tushenta, kuma yana da lambar waya, zaman lafiyarka ya ƙare. Wannan gwanintar ita ce ya fi kamata ka ɓoye, fiye da mabuɗin ɗakin kwamfuta.

Akwai masu taurin zuciya da za su kawo maganar amana. Za su tuna maka da Ranganathan, masanin nan na Indiya da ya shimfiɗa dokoki biyar na aikin laburare a 1931, inda ya fara da cewa don amfani aka yi littafi, ya kuma yi umarni da a tattala lokacin mai karatu. Za su ce magabata a zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, ƙauye-ƙauye suka bi da ƙasidu ba su jira a zo ofis ba. Kada ka musa, ka gyaɗa kai, ka ce Allah ya jiƙan maza. Sannan ka duba takardar rahoton shekara da kake cikewa, ka ga ko akwai gurbin da aka tambayi yawan mutanen da ka warware wa matsala. Kujeru ake ƙirgawa, da kantoci, da littattafai, da bitar da aka halarta. Mai karatu kuwa yaga shafi yake yi, ya karya kujera, ya rage maka lissafi. In an matsa maka lamba ƙwarai, sai ka jawo maganar tarbiyya, ka ce kafafen nan ɓata yara suke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take aiki, kuma tsohuwar hujja ce da aka gwada a kan littattafan soyayya, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Kada dai ka bari wani ya tambaye ka ko janyewar mai hankali daga dandalin tana rage ɓarnar ko ƙara ta take yi.

Saura matsala ɗaya, ita ce sabuwar ma'aikaciya. Lokaci-lokaci akan turo wata yarinya da ta gama karatu kwanan nan, ba ta san dawan garin ba. Kafin ka ankara ta buɗe zaure a WhatsApp da wayarta, ta sa malaman makarantu da shugabar ƙungiyar mata da sarkin noma, tana sanar da ranar rufe rajistar NECO, tana karanta shafi biyu na wani littafi da murya duk daren Alhamis. Kada ka yi mata faɗa, faɗa yana jawo hankalin manya, su kuma suna iya yaba mata. Ka kira ta cikin mutunci, ka ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka, irinku muke nema." Sai ka danƙa mata hatimi da tawada, ka ce ana bukatar a sake buga wa kowane littafi tambari a shafi na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a kuma kwafe tsohon kundin rajista da hannu cikin sabo. In ta gama wannan kafin damina, ka rubuta wa hedikwata takarda mai cike da yabo, ka ba da shawarar a ƙara mata girma a mai da ta Riruwai. Ka dai fara aika wani ya dubo maka ko sabis yana kamawa a can.