Bayani a Kan Ilimin Riƙe Ƙafa

Ka sani, ya kai mai neman sani, cewa a Amurka ɗalibin da ya ƙudiri zama likitan ƙashi ba ya zaman makarantarsu da zarar ya shiga shekara ta huɗu. Yakan ɗaure kayansa ya tafi asibitin wani gari ya yi mako huɗu, daga nan ya zarce wani. Kuɗin jirgi da na haya duk a wuyansa suke. Ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC har ta tanadi tsari mai suna VSLO domin cike takardar neman wannan wahala, kuma ba kowa ke dacewa da samunta ba.

A takarda, karatu ya je yi. Masu zurfin nazari kuwa sun ce gaisuwar surukai ce, wadda ake wata guda ba a tashi daga durƙuso ba, domin a asibitin yake fatan a ɗauke shi horo na shekara 5. Tun da aka daina ba da maki a jarrabawar USMLE Step 1 a Janairun 2022, aka koma "ya ci" ko "ya faɗi", ma'auni ɗaya ya ragu, sai aka ƙara zuba ido kan yadda yaro ke tsayuwa.

Shiri yana farawa da hadda. Ƙasusuwan baligi 206 ne, kuma kusan kowanne an samu wani bawan Allah da ya zauna ya karkasa hanyoyin karyewarsa. Garden ya raba karayar wuyan ƙashin cinya gida huɗu a 1961. Salter da Harris suka raba ta yara, wadda ke shafar wurin girman ƙashi, gida biyar a 1963. Gustilo da Anderson suka raba karayar da ta ɓullo waje gida uku a 1976, sai a 1984 aka sake tsaga gida na ukun gida uku, ganin cewa har lokacin ɗalibai na samun barci. Duk wannan wajibi ne a haddace shi, ko da yake babban likita zai yi tambaya ne kan wata jijiya dabam. Idan ɗalibi bai sani ba, laifi ne ƙarami. Idan ya sani alhali likitan da ke gaba da shi ya kasa amsawa, laifin ya fi girma, kuma gara ya haɗiye.

Jigon fannin shi ne riƙe ƙafa. Ƙafar mutum, daga kwatangwalo zuwa tafi, ta kai wajen kashi ɗaya cikin shida na nauyin jikinsa. An yi saɓani kan ko nauyin nan yana tsayawa yadda yake a ɗakin tiyata. Masu zama a kujera sun ce yana tsayawa. Zance mafi rinjaye, wanda aka samo daga bakin masu riƙon, shi ne yana ninkawa duk bayan sa'a guda, musamman idan an sa wa mutum rigar dalma saboda na'urar hoton ƙashi. Sharaɗin riƙon shi ne kada ƙafar ta motsa, kada mai riƙon ya yi nishi, kada kuma ya tare wa kowa haske. Ƙaiƙayin hanci ba uzuri ba ne, tunda hannun da ya sa safa ya haramta ga fuska. Masu ba da haƙuri sukan kawo dokar Julius Wolff, likitan Balin da ya bayyana a 1892 cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Bisa wannan, ɗalibin ma magani ake yi masa, kyauta.

Yankan zaren ɗinki babi ne gajere. Tsawo biyu kaɗai aka sani, wanda ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan. Amsar duka biyun ita ce "To, Dokta."

Sai lokacin zuwa. Ƙa'ida ita ce ɗalibi ya riga kowa isa, da almakashi a aljihu da sakamakon gwajin majinyata a hannu. Matsalar tana tasowa ne idan baƙin ɗalibai biyu suka haɗu a wata guda. Wannan ya zo ƙarfe biyar na asuba, gobe wancan ya zo huɗu da rabi, jibi na farkon ya zo huɗu. Lissafi ya nuna cewa in aka ci gaba a haka, kafin mako na biyu ya ƙare ɗayansu zai iso kafin ya tashi daga aikin jiya. A ganina wannan ne kaɗai ɓangaren fannin da har yanzu ba a karkasa shi gida-gida ba.

Hukuncin ƙarshe yana hannun NRMP, hukumar da ke haɗa ɗalibai da asibitoci tun 1952. Kowane ɓangare ya jera zaɓinsa a asirce, kwamfuta ta daidaita, a buɗe ambulan ranar Juma'a ta uku ga Maris. Yakan faru a tura mutum asibitin da bai taɓa riƙe ko ɗan yatsa a cikinsa ba.