Zuwa ga Ɗan Kawuna, Mai Sabuwar Shekara Uku

Ranka ya daɗe Ciyaman, ɗan kawuna, ubangidana na fatar baki, barka da shiga sabuwar shekara. Tun muna yawo ba wando kake tunƙaho wai kai ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka ni bawanka ne. Ban taɓa musu ba. Abin da dai ban taɓa gani ba shi ne ubangidan da bawansa ke biya wa kuɗin mota. Tunda ka kashe waya tun ranar 2 ga Janairu, na ga gara in biyo ka ta jarida, in ga ta inda za ka kashe ta.

Kuɗin shara na zo karɓa, na shekara shida.

Al'ada ta ce idan shekara ta juyo, taubashi ɗan namiji ya sallami ɗan mace. Kakanninmu da cika-ciki suke yi. To, duk lokacin da Muharram ya kama na zo, sai ka gyara tsayuwa ka ce mu Katolika ne, wannan ba shekararmu ba ce, alhali da idona na gan ka a gidan baffanka Alhaji, ka naɗe hannun riga kana cika cikin da ka ce ba naka ba ne. Idan na haƙura sai Janairu, nan take ka zama shehin malami, ka ce ai shekarar Ekklisiya ta shiga tuntuni, tun Lahadin farko ta Adbent, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, na makara. Bara sai na yi maka kwanton ɓauna. Aka yi zagayen Almasihu Sarki aka rufe shekara, mako na zagayowa Fada ya fito da shunayyar riga, ni kuma na tare ka a bakin ƙofa. Ka sunkuyar da kai kamar na Allah, ka ce lokacin tuba ne da natsuwa, ba a maganar abin duniya. Mutum ɗaya, sabuwar shekara uku, in an biyo ka ta wannan ka ɓuya a bayan waccan.

Yanzu na gane abin da ya sa kake son labarin Fafaroma Giregori na 13, wanda ya gyara kalandar da muke bi a 1582, mutane suka kwanta ranar 4 ga Oktoba suka wayi gari 15 ga wata. Duk sanda kake ba da labarin nan idonka har ƙyalli yake yi. Amma shi kwana goma ya cire, kuma da hujja, don lissafin Ista ya goce daga lokacinsa, sai da masana taurari suka zauna. Kai shekara shida ka haɗiye, ba ka nemi shawarar kowa ba.

Bari masu karatu su ji yadda ka yi a gida bana, don kada su ce sharri nake maka.

Ƙauyenmu na kudancin Katsina ne, majami'armu kuwa reshe ce, ɗaya daga cikin rassan da Fada guda ke zagayawa a kan babur. Ran da bai samu zuwa ba, Katekis ne ke ja mana sujada, shi ke koya wa yara katekisim, shi ake tasa da tsakar dare idan wani ya yi nauyi. Da can muna ƙarƙashin Sakkwato. A 2023 aka yanka mana dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, a watan Disambar shekarar. Tun daga ranar ba mu huta ba. Duk wanda ka haɗu da shi a Zariya sai ka gaya masa tare kuka yi wasan ƙasa da Bishop. Na tambayi Gwaggonka, ta ce wasan ƙasa kam ka yi, har ka ci, amma ita ba ta ga wani Bishop a wurin ba.

Ka iso ranar 31 ga Disamba da la'asar, hazo ya yi maka furfurar da ba ka kai ba. Dokar Ekklisiya ta ce Katolika ya furta zunubansa gaban Fada aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutane suna karanta "aƙalla", kai kana karanta "kawai", kuma sai shekarar ta rage awa bakwai kake tunawa. Fada ya kafa kujera a gindin dalbejiya, layi ya miƙe. Tsofaffin mata kowace minti biyu ta tashi, don me tsohuwar da ke zuwa kowane wata za ta tara? Da ka durƙusa, rana tana saman rumbu. Da ka tashi, kaji sun shiga akurki. Sa'arka ɗaya, doka ta ɗaure bakin Fada, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗi abin da ya ji ba. Abin da muka gani da ido dai shi ne ya aika a kawo masa ruwa sau biyu.

Daren kuwa, wanda yara ke kira kurosoba, ba irin na da ba ne. Da can sai sha biyun dare ta buga a majami'a, a kaɗa ƙararrawa, a yi ta guɗa. Yanzu halin da yankinmu ke ciki ya sa ba mai son dare ya yi masa a waje, sai dattawa suka ce a fara da wuri a tashi ƙarfe takwas. Samarin gari suna bakin hanya da tocila, har da 'ya'yan baffanka Alhaji, waɗanda ba su shiga ba amma ba su tafi ba. Ƙarfe takwas daidai Katekis ya ce barka da sabuwar shekara, muka amsa. Wani ɗan makaranta ya duba waya ya ce da mutanen Pakistan muka shiga, don su ne sha biyunsu ta yi. Sauran 'yan Nijeriya suka biyo bayanmu da awa huɗu.

Kai kuwa ba ka shiga da kowa ba, barci kake.

Ina kusa da kai, ba labari aka ba ni ba. Janareto ya yi tari ya mutu, aka koma kyandir da fitilar waya. Ƙamshin turare ya gauraye da ƙura da man basilin ɗin da aka lafta wa yara saboda hunturu. Matan Zumunta suna gefensu cikin zanen ƙungiya, ɗaya ta rungume tulu tana buga bakinsa, yana fitar da wannan gum-gum ɗin da ke shiga ƙirji, wata na kaɗa caki. Fada ya gaya mana a wannan maraicen Fafaroma ma yana Rum ana rera Te Deum, tsohuwar waƙar godiya ta Latin da ake rufe shekara da ita, mu kuma muka yi tamu godiyar da Hausa. Kafin nan an ja rosari. Gida biyar ne, kowane gida ƙwaya goma. Gidan farko muryarka ta fi ta kowa. Gida na biyu carbin ya fara lilo. A na uku ka bar mu. Munsharinka ya yi daidai da tulun har mai bugawa ta waigo ta ga wa ke taya ta. Da aka zo gaisuwar salama, dattijon da ke bayanka ya dafa kafaɗarka ya miƙo hannu. Ka zabura ka ce, "Zan biya!"

Layi uku suka ji. Ma'aji yana cikinsu.

Washegari ka yi shiga ta alfarma, babbar riga da hula zanna, ka zauna a gaba. Fada ya iso daga wani reshen da ya riga ya yi wa Mas da sassafe, gira duk ƙura, ya sa fararen kaya. Ranar 1 ga Janairu idin Maryamu Uwar Allah ce, kuma mako guda cif da Kirsimeti. Bisharar Luka da aka karanta ta kawo zuwan makiyaya da yadda aka raɗa wa jaririn suna a rana ta takwas. Sai Fada ya ce mana, da lissafin Bahaushe yau ranar suna ce, kuma ba a zuwa gidan suna a gaida jariri a tsallake mai jego. Tsofaffin mata suka yi ta gyaɗa kai, wannan wa'azi ya shige su. Ya kuma tuna mana cewa ranar ce Ranar Zaman Lafiya ta Duniya a Ekklisiya, tun 1968 da Fafaroma Bulus na 6 ya kafa ta. Da aka zo addu'o'in jama'a, wata mata ta tashi ta roƙa wa waɗanda ke hannun mutanen daji, da waɗanda suka shuka ba su girbe ba. Ba ta kira suna ba, kowa ya san su. Majami'a ta yi tsit. Na saci kallonka na ga kana share ido da hannun riga. Wannan ban sa shi cikin zolaya ba.

Amma ba ka bari na daɗe ina tausayinka ba. Ana so mai karɓar Jibin Ubangiji ya kame baki awa guda kafin nan. Ka shiga layi hannu haɗe, kai a ƙasa, ga yajin ƙuli a gemu, ga maiƙo yana sheƙi a leɓe. Katekis ya dube ka, ya dubi agogo, ya dubi sama.

Sai baikon godiya. Aka ce za a fito wata-wata, kowa da watan haihuwarsa, ana kiɗa ana rawa har gaban bagadi. Aka kira Janairu, ka fito. Aka kira Afrilu, ka fito. Agusta ma ga ka, Disamba kuma kai ne a gaba kana juya riga. Gwaggonka ta ce ita abin da ta sani, da damina aka haife ka, gero ya fara fitar da kai, kuma sau ɗaya. Ni ba rawar ce ta dame ni ba, hannun ne. Kakan dunƙule shi tun daga kujera, ka cusa shi can cikin kwando har wuyan hannu, ka buɗe a inda ido ba ya kaiwa. Na ga lokacin da ka canza naira 200 wurin mai rake, ya ba ka 'yan hamsin-hamsin guda huɗu. Wata huɗu, hamsin huɗu. Lissafi kam ka iya shi, Zariya ba ta cuce ka ba.

Daga nan aka shiga sanarwa, wadda kowa ya san ta fi wa'azi tsawo. Ma'aji ya fito da littafin nan mai baƙin bango. A nan ne ya kamata masu karatu su san inda ka samo sunan Ciyaman. A bikin godiyar kaka na watan Nuwamba, lokacin da kowa ke kawo abin da gonarsa ta ba shi, dawa da masara da waken suya da kaji, a yi gwanjonsu don aikin majami'a, kai aka ba shugabancin taro saboda kana aiki a birni. Ka karɓi lasifika ka yi alkawarin siminti buhu goma don ɗakin Katekis, wanda damina ta cinye masa bango. Aka yi guɗa. Aka kawo bunsuru, ka yi ta ƙara kuɗi kana hararar wani malamin makaranta har ya janye. Ka ce a rubuta. An rubuta. Bunsurun an ci shi tun kafin Kirsimeti, ni ma na samu ƙafa, ban ɓoye ba. Kuɗinsa ne har yau ba su iso ba, suna hanya tare da simintin.

Ma'aji mutumin kirki ne, bai kira suna ba. Ya ce dai akwai "wani ɗanmu na Zariya". 'Ya'yan garin nan da ke Zariya su biyu ne, ɗayar kuma Sista ce.

Bayansa Uwar Zumunta ta karɓa. Ba ta da lasifika, ba ta kuma bukata. Ta karanto abin da mata suka yi a shekara: su ke share majami'a kowace Asabar, su ke ɗebo ruwa, su suka yi girki a makoki uku da biki biyu, su suka kai wata mai naƙuda asibiti da kuɗin adashinsu. Kwanon rufin ɗakin Katekis ma sun saya, yana jingine yana jiran bangon da zai hau. Sai ta kira tsohuwar nan mai daddawa, wadda mijinta ya rasu shekarun baya, ta ce ta cika alkawarinta na bandir ɗin kwano rabi. Kowace ranar kasuwa take kawo abin da ya samu. Ranar ma sai da ta kwance habar zane a gabanmu, ta warware ƙulli biyu, ta fito da cikon, takardun duk sun yi laushi suna warin daddawa. Ma'aji ya ƙirga ya ja layi a kan sunanta. Kai ka fi kowa tafi. Har ka miƙe tsaye.

Da aka tashi ka tara mu a gindin dalbejiya ka karanto ƙudurorinka na bana: za ka koma ƙungiyar maza ka biya bashin kuɗin wata, za ka shiga mawaƙa, za ka riƙa zuwa Mas kowace Lahadi, kuma kai da gidan da ake dafa abin nan na dawa har abada. Irin su ka karanto bara, har tsarin bai canza ba. Ƙarfe huɗu na yamma aka ga takalminka a ƙofar gidan. Ka ce sallama ka je yi musu. Sallamar ta kai magariba.

Abinci kuwa ba a magana. Shinkafar gidanmu, wainar gidan Katekis, har tuwon da matan baffanka Alhaji suka aiko na taya murna, kamar yadda mu ma muke kai musu ta Kirsimeti su kawo mana naman layya. A zumuncin nan na gidanmu kai ne gada, ta kowane ɓangare kwano ya taso sai ya bi ta kanka.

Lahadin da ta biyo baya aka yi idin masanan nan da suka zo daga gabas, ba ka nan, ka riga ka gudu. Zinariya suka kawo da lubban da mur. Na kasa kunne sosai ko zan ji wanda ya ce a rubuta, ban ji ba.

Ga yadda za a yi. Siminti buhu goma, ka aiko wa Katekis kafin ruwan farko. Kuɗin bunsuru, Ma'aji ya ce ko kashi-kashi ne zai karɓa, ya ga misali wurin mai daddawa. Sharata ta shekara shida kuma ka zaɓi kalandar da ka ga dama, ta Giregori, ta Adbent ko ta baffanka Alhaji, duk ina da su a bango. Idan Laraba ta Toka ta zo ban ji komai ba, na riga na ba Uwar Zumunta kwatancen gidanka na Zariya, ta ce dama matan suna neman inda za su kai ziyara, su talatin, da tulunsu.

Gwaggonka tana gaishe ka. Ta ce ka dawo mata da kular da ka tafi da waina a ciki, babbar, mai jan murfi.