Allah Ya Ƙara Zumunci: Gaisuwar Kakuri Ga Gwamnonin Arewa

Kudancin Kogin Kaduna bai taɓa rasa ƙungiyoyin zumunci ba. Kowace ƙabila da ta zo aikin masaƙa sai da ta kafa tata a Kakuri ko Makera ko Nasarawa: a tara kuɗin wata, a kai gudummawar biki, a ɗauki nauyin kai gawa gida. To amma duk waɗannan 'yan koyo ne. Wanda ke son ganin zumunci na asali sai ya dubi Ƙungiyar Gwamnonin Arewa 19, wadda reshenta na Kakuri shi ne masaƙar KTL.

Kafin a yaba wa magada, sai an faɗi irin rigimar da suka tarar. Gwamnatin Sardauna ce ta jawo ta. Ta haɗa kai da kamfanin David Whitehead na Ingila, a 1957 aka kunna injinan KTL, daga nan Nortex ta biyo baya, Japanawa suka zo da Arewa Textiles, mutanen Hong Kong suka kafa UNTL. Shi ke nan Kakuri ta daina barci. Jiniya ba dare ba rana, kekunan ma'aikata sun hana tsallaka titi, masu tuwo da masu gidan haya ba su da lokacin hira. Manoman Funtuwa da Malumfashi da Gusau ma ba su tsira ba, kullum suna gona saboda audugarsu tana da mai saye. Mafi muni, Bahaushe da Tibi da Bajju da Idoma suna tsaye kan inji ɗaya, suna karɓar albashi rana ɗaya, har suna shiga yajin aiki tare. A irin wannan hayaniya ce Adams Oshiomhole ya taso daga Arewa Textiles, ya riƙa ɗaga wa manya murya. Wane shugaba mai hangen nesa zai bari abu ya ci gaba a haka?

Da aka raba Jihar Arewa gida shida a 1967, aka yi ta ƙari har jihohin suka kai 19 a 1996, an ɗauka za a yi faɗan gado. Ina! 'Yan'uwan nan sun fi ƙarfin haka. Kowa ya ce wa ɗan'uwansa, bisimilla, kai ka fara. Saboda tsabar kunya da kawaici, babu wanda ya miƙa hannu da sunan gyara, har injinan suka tsaya a 2002. Sauran masaƙun ba na ƙungiyar ba ne, amma da babbar yaya ta nuna hanya sai suka bi sahu, UNTL ma ta rufe ƙofa a 2007.

Masu hassada kan ce rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri ne suka kashe masaƙun, wai da masu girma sun tashi tsaye da an rage asara. Wannan rashin ladabi ne. Atamfar Sin da ke shigowa ta iyakar Nijar baƙuwa ce, kuma Arewa ba ta korar baƙo. Ga ta can ta cika Kantin Kwari, an ba ta ɗakin mai gida.

Inda ƙungiyar ta fi nuna tausayi shi ne kan tsofaffin ma'aikata. Kuɗin sallama fitina ne ga talaka; yana karɓa sai ƙarin aure da sayen babur. Don haka aka adana musu haƙƙinsu shekara da shekaru, a wurin da ko su kansu ba za su iya taɓawa ba. Da yawa sun koma ga Mahaliccinsu ba su ɓarnatar da ko sisi ba. Matan da suka bari suna zuwa da kwalaye suna tsayawa a rana, ana leƙo su ta gilashin mota, ana jinjina wa haƙurinsu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma ranku ya daɗe, ba a taɓa samun wanda ya wadata jama'a da duwatsu kamar ku ba.

Kada kuma wani ya ce an manta da Kakuri. Ana taruwa a Gidan Sir Kashim Ibrahim, a rungumi juna, a ɗauki hoto, a fitar da sanarwar bayan taro, a kafa kwamitin farfaɗo da masaƙu. Idan wa'adin gwamnoni ya cika, sababbi su kafa kwamitin duba rahoton wancan. Har masu zuba jari daga Turkiyya an taɓa yi mana albishir da su. Gadar da ke tsakanin ɗakin taron da ƙofar masaƙar ce dai ba a cika hawa ba, don kada jerin gwanon motoci ya tayar wa marasa aiki da ƙura.

Kuma wannan baiwa ba a kan zare kaɗai ta tsaya ba. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank a 2006. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta ga bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasa da mulkin soja, sai da ita da New Nigerian suka dawo hannun 'yan'uwa sannan suka sami hutu.

Saboda haka mutanen ƙetaren gada suna da roƙo ɗaya. Damina da dama Kogin Kaduna kan cika ya shiga gidajen Barnawa da sauran unguwannin bakin ruwa. Don Allah a miƙa wa ƙungiyar kogin, a ce gadon Sardauna ne, a kafa masa kwamiti. Ba za a yi shekara goma ba yara za su buga ƙwallo a tsakiyarsa.