Ni Da Kayan Jabu

Ina da wata cuta da ban taɓa kai wa likita ba. Duk abin da na haɗa ya ƙi aiki, kafin in dubi hannuna na riga na yanke wa kayan hukunci: jabu ne.

Kwanaki na dasa wani aisi, wato ɗan guntun na'urar lantarki mai ƙafafu, mai suna ATmega328P a allon gwaji, da kiristal mai bugu sau miliyan 16 a daƙiƙa. Ina son wani aisin na gefe ya riƙa tafiya da wannan bugun, sai kawai na maƙala waya a ƙafar kiristal ɗin na ja ta can. Komai ya tsaya cik. Na cire kiristal na jefa a durowa, na sa sabo, shi ma ya bi ɗan uwansa. Ashe bugun da ke wurin ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya, nauyin wayar kaɗai ya isa ya kashe shi. Masu aisin sun tanadi hanya: ka kunna saitin CKOUT, bugun ya fito da ƙarfinsa ta ƙafa ta 14. Yana nan rubuce a takardar bayanin da na sauke a wayata tuntuni, ban taɓa buɗewa ba.

Da na gyara wannan, na ɗora mita a ƙafar. Bolt 2.5 maimakon 5! Na saɓa babbar riga sai kasuwa, na ce wa mai shago ya sayar mini da aisi mai rabin rai. Yaron shagonsa, wanda a haife na haife shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai tsalle wutar take yi tsakanin sifili da biyar, mita kuwa tsakiya take nunawa." Na ce masa dama gwada shi nake yi.

Saura wayar. Ta kusa kamu guda, tana lilo a iska, aisin gefe kuwa sai ƙirgen banza yake yi. Na aro osiloskop, na ga kowane bugu yana karkarwa a baki kafin ya zauna. Nan ma na fara zargin na'urar aro. Maganin bai kai kuɗin motar da na kashe zuwa faɗa ba: na rage tsawon wayar, na haɗa ta gefe da gefe da ta nagatif, na sa rizisto mai om 33 dab da ƙafar da bugun ke fitowa, da kafasito mai nanofarad 100 a bakin ƙafar wuta. Aiki ya miƙe.

Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba na musu. Amma laifi tudu ne, kuma na ga masu irin cutata a garejin makanikai, a kicin, har a ofis. Kai ma in wani abu ya ƙi ka gobe, karanta takardarsa tukuna kafin ka je ka ɗaga wa bawan Allah murya.