Kazar Gwaggo da Giyabos Ɗina

Da giyabos ɗin motata ya fara cin haƙoransa, bakanikena na Wudil ya ce babu gyara sai canji. Motar Peugeot 504 ce, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Na shiga Kano, na sayo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, mai kayan yana ta rantsuwa wai wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi a Turai, ita ma sai ranar Lahadi.

Sai dai damina ta kankama, bakanike kuwa manomi ne kafin komai. Ya ce in tafi da giyabos ɗin gida Achika har ya gama noman fari.

"Malam, abu uku," in ji shi. "Kada ya taɓa ƙasa, ɗora shi kan katako. Toshe kowace kafa da tsumma. Sandar nan mai tsaga-tsaga da ke shiga farantin kuloci, shafe ta da giris, kada ruwa ya gan ta."

Duk na yi. Na sa shi a ɗakin ajiyar Gwaggo, kusa da buhunan gero, na lulluɓe shi da buhu kamar amarya.

Tsummokaran ne suka fara tafiya, yaran gida sun ɗaure ƙwallo da su. Buhun kuma akuya ta ja. Da na leƙa, sai ga kazar Gwaggo, wake-wake, ta baje a cikin faffaɗan bakin nan da kuloci ke zama. Ta dube ni, na dube ta. A ƙarƙashinta ƙwai goma sha ɗaya.

"Gwaggo, bakanike ya aiko a kai ƙarfen nan gobe."

"Wane ƙarfe? Ɗan nan, kaza tana kwanci za ka tashe ta? Ka ji tsoron Allah."

"Gwaggo, kuɗinsa ya fi na kaji hamsin."

"To ya yi maka ƙwai mana."

Kwancin kaza kwana 21 ne, ba ta rage ko ɗaya don ni ba. A cikin kwanakin rufin ɗakin ya fara yoyo, daidai kan sandar da aka yi mini kashedi a kanta. Giris ɗin kuwa, gashin kaza da ƙaiƙayi sun riga sun kwashe shi. Na nemi in gusar da giyabos ɗin taki ɗaya, Gwaggo ta ce motsi yana kashe ƙwai.

Ranar da muka kai shi gareji, farantin kuloci ya ƙi shiga, tsatsa ta cika tsagogin. Bakanike ya wuni da kananzir da buroshin waya, yana gogewa yana zaro gashin kaza, bai ce mini uffan ba. Aka ɗaura, aka ɗura mai, mota ta tashi lafiya lau.

Ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, motocin shanu suka tsare mu a kan gada. Wani ɗan acaɓa ya ƙwanƙwasa gilashi: "Alhaji, motarka tana fitsari." Ashe a saman giyabos akwai wata 'yar ƙaramar kafa da yake shan iska ta nan. In ta toshe, mai ya yi zafi, iskar ciki ba ta da mafita sai ta tura man ta bakin roba. Bakanike ya zo ya zura waya, sai ga busasshiyar laka, sai ga tsutsotsi. Zanzaro ne ya yi gini, har ya ajiye wa 'ya'yansa abinci.

Na biya kuɗin roba, na biya na mai, na biya kuɗin acaɓar bakanike. Na sa rai zan rage asara da tsohon giyabos ɗin da na kawo gida, don 'yan gwangwan sun taya shi da daraja. Kafin su dawo da kuɗi Gwaggo ta sa yara sun mirgina shi ɗakin ajiya, ta zuba masa ƙaiƙayi. Wai baƙar kazarta ma ta fara kyarkyara.